Asubar da Ban Je Ba

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito da asuba, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da auren mahaifiyarku ba. Farkon bazara ne. Mun fito daga masallaci sai muka gan ta a gabas, ta miƙe wutsiyarta sama, fara sol. A lokacin an riga an fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, har an zo ƙauyenmu da ke gefen gulbi a ƙasar Maradun an shafa wa itatuwa jan fenti, alamar inda ruwa zai kai. Saboda haka ba wanda ya sha wahalar fassara ta. Kowa cewa yake, ganinta ba alheri ba, tashinmu ne ya zo.

Mutane suka juya ga Baba, kakanku, domin shi ne limami, kuma shi aka sani da lissafin taurari. Ya daɗe yana kallonta, ya kare ido da tafin hannu.

"Malam, mi ta zo da shi?" in ji wani.

"Ban sani ba," in ji Baba. "Ban san inda ta hito ba, ban san inda za ta ba, ban san ko tana komowa ba. Amma masu hwenti sun riga ta zuwa da wata huɗu. In labari ta kawo, ta makara."

Baba Nomau, taubashinsa, wanda ba ya barin maganarsa ta faɗi ƙasa, ya ce, "Kun ji malamin ban-sani-ba. Shekara talatin shina kan dutse, abin da yas samo ke nan. Bawana, sauko ka riƙa mini noma, ka hi amfani."

Aka yi dariya, har Baba. Na fara da wannan ne don ku san irin mutumin da nake magana a kansa. Kun taso kuna jin ana cewa, "kakanku da ya ce sama tana makara," ana dariya, kuna yi tare da su. Ba laifinku ba ne. Ni na jawo masa wannan dariyar, kuma abin da zan rubuta ke nan, yanzu da Allah ya sa hannuna ya iya riƙe alƙalami.

Bayan masallacinmu akwai wani falalen dutse. A samansa akwai ɗan gurbi inda ƙafafun mutum uku suka sassaƙe shi da tsayuwa: kakan Baba, da mahaifinsa, da shi kansa. In ka tsaya a gurbin nan ka fuskanci gabas, can nesa za ka hangi duwatsu biyu da rata a tsakaninsu, muna ce mata Ƙofa. Rana ba a wuri ɗaya take fitowa ba. Tana matsawa kudu da arewa cikin shekara. Akwai safiya guda a farkon bazara da take ɓullowa daidai ta cikin Ƙofa. Daga wannan safiya Baba yake fara ƙidaya. Kullum bayan sallar asuba sai ya jefa ƙwallon dabino guda a cikin wani ƙoƙo. Can kuma taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta, malamai suna ce musu Surayya, sukan ɓace daga sama na wasu makonni. Ranar da aka fara ganinsu kuma a gabas, gab da ketowar alfijir, sai Baba ya juye ƙoƙon ya ƙirga, ya rubuta adadin a wani babban allo da ya gada. Da wannan yake gaya wa mutane lokacin da shuka ta kama ƙasa da gaske, da lokacin da za a janye daga fadama kafin gulbi ya kawo. Ba duba ba ne. In wani ya zo neman a duba masa aure ko tafiya, sallamarsa yake yi, ya ce shi lissafin kwanaki ya sani.

Allon nan shi ya hana Baba sukuni. Layukan kakansa, in ka cire shekarun da hadari ya rufe sama, yawancinsu saba'in da takwas ne. Na mahaifinsa, saba'in da takwas da saba'in da tara. Nasa kuwa, saba'in da tara, daga baya har tamanin. Ya duba littattafan da yake da su, bai ga inda aka ce Kaza tana jinkiri ba. Ya tambayi malamai a Talata Mafara da Bakura, wasu suka ce ya bar abin da bai shafe shi ba, wasu suka ce masa tsufa ne.

Ni ne ɗan da bai yi karatu ba a gidanmu. Yayyena sun sauke, sun tafi gabas neman ilimi. Ni kaina bai ɗauka ba, na tsaya a gona. Abu guda Allah ya ba ni, shi ne ido. Ni nake fara ganin jinjirin watan azumi kafin kowa a ƙauyen. Wata safiya, muna saukowa daga dutsen, Baba ya riƙe kafaɗata.

"Garba, ɗaya cikin biyu na. Ko idanun gidanmu ka raguwa, ɗa bai kai uba gani ba, ko kuwa sama ita ka jinkiri, kaɗan-kaɗan, yadda rayuwar mutum guda ba ta isa ta gane. In sama ta, to mi ka ja mata baya? Ni ba ni iya rabewa, don idona ya tsuhwa. Kai ka iya. In matashin ido yag ga Kaza ran saba'in da takwas, to ni na yi kure. In bai gan ta ba sai tamanin, to akwai magana."

Na ce to. Amma a shekarar tauraruwa mai wutsiya ina fama da ciwon ido na bazara, shekarar da ta biyo baya kuma hadari ya rufe gabas mako guda cur. Baba bai damu ba. Ya ce wanda ya gaji lissafin shekara ɗari ba ya jin haushin shekara biyu. Bai san saura guda ta rage mana ba.

A shekara ta uku aka ce madatsa ta kusa gamuwa, a daminar nan za a tare gulbi. Rana ta fito ta Ƙofa kamar kullum, Baba ya jefa ƙwallo na farko. Ƙwallo na cikin ƙoƙo sittin da tara motocin kwashe mu suka iso. An yanka mana filaye a kan tudu, tafiyar rabin yini da ƙafa. Ba zan tsaya a kan ranar nan ba, kun sha jin ta a bakin mata. An yaye rufin ɗakuna, an ciro azara da ƙyamare, an ɗaure awaki, tsofaffi sun tafi maƙabarta sun yi sallama da nasu. Baba ya ce shi ba ya tafiya sai Kaza ta fito, kwana goma ne kawai. A lokacin ƙafafunsa sun kumbura, da sanda yake hawa dutsen.

Inna, kakarku, ta tsaya a bakin zaure da tabarma a hannu.

"Malam, wa ka dahwa maka? Kuraye? Gari ya watse, rijiya anka ɗebe ma guga. Kaza ta shekara dubu tana hitowa ba da izninka ba."

"Ba izni nika ba ta ba. Gaisawa mukai."

"To ku gaisa daga tudu."

"Daga tudu ba a ganin Ƙohwa, Hajo. Lissahin na wurin ga na. In an kau da ƙahwa taki goma, ya ɓaci."

Ni na raba gardamar. Na durƙusa na ce masa ya hau mota, ni zan dawo in tsaya masa a gurbin. Ai da ma idona ake so, ba nasa ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo mini ƙoƙon da hannu biyu, kamar mai ba da jariri.

"Daga saba'in da bakwai za ka hwara tsayuwa. Kada ka hwaɗi abin da kaka tsammani. Abin da kag gani za ka hwaɗi. In ba ka gani ba, ka ce ban gani ba, ita ma amsa ta."

Sabon wurin tsakuwa ne da jar ƙasa. Gonar da aka nuna mini, ko kara ba a taɓa kafawa a cikinta ba. Hatsin da muka taho da shi ba zai kai mu kaka ba, mahaifiyarku kuma tana da tsohon ciki, na babbar yayarku. Duk da haka ran saba'in da shida da la'asar na hau keke na koma. Na kwana a zaurenmu marar rufi. Ban taɓa sanin gari yana da ƙara ba sai da na ji shi babu ita: ba zakara, ba turmi, ba tarin tsoho. Da asuba na yi kiran salla don kaina, na yi salla ni kaɗai, na hau dutsen na sa ƙafafuna a gurbin. Gabas a rufe take da gajimare. Na jefa ƙwallo, na sauko. Washegari, saba'in da takwas, haka nan, har ya fi na jiya duhu. Da hantsi hadari ya haɗo ta gabas, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, har azahar.

Duk manomi ya san wannan ruwan. Shi ne na shuka, kuma a kan tsakuwa laimarsa kwana biyu ce. Na zauna a zauren ina lissafi. In na tsaya gobe da jibi, ƙasa ta bushe, ban san ranar da wani zai sauko ba. Ba ni da ƙane a gida, kowa kuma ta kansa yake yi, ba mai shuka wa wani. Na ce a raina, Kaza tana nan baɗi. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don na ga jan fenti a jikin riminmu, a inda ya fi dutsen tsawo. Na ɗaure ƙoƙon a bayan keke na kama hanya cikin taɓo.

Ban shiga gida ba, don kada Baba ya gan ni. Na sauka a bukkar da na kafa a gona, na aika aka kira mahaifiyarku ta kawo iri. Asubar saba'in da tara na tashi, sama ta wanke tas, ba ko ɗigon gajimare. Na duba gabas, amma daga can fitilun wurin aikin madatsa sun haske gindin sama, ba a ganin komai. Na sunkuya na kama saran shuka, tana bina tana jefa gero tana rufewa da ƙafa, da cikinta a gaba. Asubar tamanin ma haka ta waye, garau. Muka gama shuka da la'asar, na wanke ƙafa, na shiga wurin Baba da ƙoƙon.

Yana zaune a kan buzu a inuwar zana, don ba a riga an gina zaure ba. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi ko rimi na nan. Sannan ya dubi ƙoƙon.

Na yi niyyar in faɗi gaskiya. Amma na dubi yadda ya rame cikin kwana goma, na dubi garin da ba shi da inuwa ko ɗaya, na ce mutumin nan komai nasa ya kauce daga wurinsa a bana. Bari in ba shi abu guda da bai kauce ba. A wautata, na ɗauka in lissafinsa ya dace da na kakansa zai ji daɗi.

"Na gan ta, Baba. Ran saba'in da takwas."

"Ba hadari?"

"Akwai, amma ya tsage ta ƙasa, dab da alfijir."

"Ɗiya nawa kag gani tare da ita?"

"Shida."

"To me ya tsai da kai har yau?"

"Na tsaya in tabbatar, Baba. Na sake ganinta jiya da yau."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa aka ɗauko allon da tawada, ya kusanto da shi dab da fuskarsa, ya rubuta saba'in da takwas a ƙarƙashin layukansa. Ya busa tawadar ta bushe.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe idona na. Shekara talatin ina tuhumar sama, ashe laihin na cikin kaina."

Ya yi 'yar dariya. Ban taɓa jin dariyar da ta yi mini ciwo kamarta ba. A nan na gane abin da na yi, tun tawadar ba ta gama shiga allon ba. Tambayar nan ita ce abin da ya taho da shi daga tsohon gari wanda mota ba ta fasa ba, ni kuma na karɓe ta. Da na buɗe baki a lokacin, da an gyara. Kunya ta hana ni. Na ce gobe. Goben nan ta yi ta matsawa.

Da yamma Baba Nomau ya zo gaisuwa, Baba da kansa ya ba shi labari.

"Nomau, ka ci gari. Sama lahiyarta lau. Bawanka na makaho."

Baba Nomau ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya dubi fuskarsa ya fasa. Ya ce, "Kai dai Malam, ka cika saurin sallamawa." Amma maganar ta riga ta fita. Kafin kaka duk sabon gari ya ji cewa Malam ya amsa da bakinsa idonsa ne ya yaudare shi.

A daminar nan ruwa ya taso. Ba da gudu ya zo ba, kullum dai ka je ka tarar ya ci wani abu. Ya ci fadama, ya ci maƙabarta, ya shiga masallaci. Ranar da na hau wani tudu kusa da tsohon gari na duba ban ga falalen dutsen ba, na zauna a ƙasa. Duwatsun Ƙofa suna nan har gobe, kuna ganinsu in za ku Maradun, amma ba wurin tsayuwa. Baba ya ba Inna ƙoƙon ta riƙa awon gishiri. Ya daina fita bayan asuba. Da can in muna tafiya gona da duku-duku yakan tsaya ya ce, "Garba, in taurari sun kai yawan da muka gani, mi ya hana dare yin haske?" ko ya ce, "Bayan tauraro na ƙarshe, mi ka akwai?" Ba amsa yake nema a wurina ba, daɗin tambayar yake ji. Daga ranar allon nan ban sake jin irin wannan daga bakinsa ba. Geron da na shuka ya yi, ba laifi, shi muka ci har aka yi sunan yayarku. Baba ya ci daga cikinsa. Ya rasu da sanyin shekarar da ta biyo baya, ina riƙe da kansa, ban faɗa masa ba.

Shekara ashirin da wani abu na riƙe wannan a cikina. Muka dawo Talata Mafara ina noman rani a bakin magudanar ruwan madatsar da ta cinye mu. Da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, ana yi mini dariya ina haƙuri, shekara uku kafin in iya haɗa wasiƙa. Malaminmu, Malam Bawa, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Wata rana bayan an tashi na tsaya na ba shi labarin allon, ban faɗi ƙaryata ba. Na ce, shin sama tana jinkiri? Ya ce bai sani ba, amma zai bincika. Bayan mako biyu ya zo aji da katantanwa a aljihu. Ya murza ta a kan tebur, ya ce in duba kanta. Tana juyi, kan nata kuma yana lilo a hankali, yana zana da'ira.

"Malam Garba, haka duniya take yi. Tana juyi, tana kuma wannan lilon, sai dai nata lilon kafin ya zagayo sau ɗaya sai an yi shekaru dubbai. Shi ke sa taurari su riƙa makara a kan lissafin rana, kamar kwana guda a cikin shekara saba'in. Masana sun daɗe da sanin haka. Wa ya gaya wa mahaifinka?"

Na ce ba kowa. Ƙwallon dabino ne, da mutum uku.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Da ƙwallon dabino?" Sai ya ga hawaye na zuba a kan littafina, ya mayar da katantanwar aljihu.

Da na natsu na tambaye shi sauran tambayoyin Baba. Ya ce ta duhun dare an sami bakin zarenta. Amma ko sama tana da iyaka, ba wanda ya sani. Ya ce masu manyan madubai na hangen nesa sun gano sararin nan faɗaɗa yake yi, kuma ba su san abin da ke tura shi ba. Sun ce mafi yawan abin da ke cikinsa ba a ganinsa, an dai san yana nan ne saboda yadda yake jan na kusa da shi, kuma har yau ba su san ko mene ne ba. Ko akwai masu rai a wani wuri ban da nan, shi ma shiru. Na ce, to su in an tambaye su me suke cewa? Ya ce, "Cewa suke, ba mu sani ba tukuna, muna dubawa." Na ce, ashe Baba yana da 'yan'uwa a duniya, bai taɓa jin labarinsu ba.

Ban ce da na tsaya a dutsen lalle sai na ga Kaza ran tamanin ba. Wataƙila da na gan ta ran saba'in da tara. Wataƙila ido guda a shekara guda ba ya yanke irin wannan magana. Abin da na sani, asuba biyu sun waye garau, ba kowa a gurbin, kuma Baba ya ce in ban gani ba in ce ban gani ba. Ba na kuma cewa shukar kuskure ce. Da ban yi ta ba, ban san abin da mahaifiyarku za ta ci da jego ba. Laifina ba komawa gona ba ne. Laifina abin da na faɗa a inuwar zana ne.

Allon yana cikin akwatina, a naɗe da farin ƙyalle. Ban kankare komai ba, don rubutun hannunsa ne. In ya zo hannunku, ku sani duk layukan gaskiya ne ban da na ƙarshe. Wannan nawa ne, kada ku ƙirga shi. In kuma kuka ji wani ya ce kakanku ya ce sama tana makara, ku ce masa e, ya faɗa, kuma tana yi.

Abin da ruwa ya ci mana: gonar fadama uku, gida mai ɗaki bakwai, rijiya, rimi guda, masallaci, kabarin kakan Baba da na mahaifinsa da na ƙannena biyu, da falalen dutse mai gurbin ƙafa. Abin da ni na ɓatar: asuba biyu, da tambaya guda ta tsoho, da wata goma sha takwas da ya yi a raye yana zaton idonsa ne.